Fatar Jar Akuya

Ige ta dawo makaranta tana cika tana batsewa,
ta wurga jaka kan tabarmar aikina,
basilla ta gangara, zare ya warware.
"Baba, Malam Sanda ya zabga min jan biro a banza.
Ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa huɗu, wai wanne ya fi?
Na ce takwas.
Ko ɗan yaye a Madunka ya san takwas ta fi huɗu."

Ni baduku ne, ban taɓa zama a benci ba,
lissafina na fata ne da cinikin ranar Juma'a.
Na jawo fatar jar akuya
wadda majemi ya kawo jiya,
har yanzu tana ƙanshin bagaruwa,
na shimfiɗa, na miƙa mata alli.

"Mutum huɗu sun yi sallama, kowa na son rabonsa.
Raba musu, kar ki cuci kowa."
Ta ja layi, ta gicciya wani.
Kowane kashi zai yi takalmin babban mutum,
har a samu rarar maɗauri.

"To ga wasu huɗu sun biyo sawu.
Akuyar fa ba ta ƙara girma ba."
Ta sake ja, ta sake gicciyawa,
alli na ƙara, gonakin na tsukewa,
kowane kashi ya koma gidan wuƙa.
Ta daɗe tana kallo.
"Ashe ta ƙasan nan hannuwa take ƙirgawa."

Haka ne, 'yar nan.
In ta hau, rabo ya sauka.
In ta sauka, rabo ya yi ƙiba.
Ba kowace babbar lamba ce mai kyauta ba.

"Ta saman fa?"
Na ce ɗora tafinki kan kashi ɗaya. Ƙara wani.
Biyu cikin takwas, ta zaro ido,
ga tsohon kwatanta ya dawo da sabon suna.
Uku, biyar, bakwai,
tana rarrafe kan fatar da gwiwa da tafi,
da ta kai takwas ta kwanta a kai gaba ɗaya:
"Na cinye akuya!"
Ta sama kam ba ta da munafunci,
in ta ƙaru, naka ne ya ƙaru.

Bayan isha'i zafin Sakkwato bai sauka ba,
bango na mayar da abin da ya sha da rana.
Kulu ta fito da kankanar Ramin Kura
da ta wuni a gindin randa,
ta sa wuƙa kamar kullum.
Bakwai.

Ige ta ƙirga kawuna, sabon ilmi na cin ta.
"Inna, mu shida ne fa.
Da shida kika yanka, da kowa ya fi samu."

Wuƙar ta tsaya.
Damina biyu ke nan da Modi ya hau motar albasa
ya nufi Kurmi,
lambarsa ta daina shiga tun azumin bara.
Ba wanda ya ce ya mutu.
Ba wanda ya ce ya gan shi.

Kulu ta goge wuƙar da gefen zane,
ta ɗauki na bakwai ta sa a kwano,
ta kifa faifai.
"Ci naki," ta ce.

Lissafin Ige daidai ne, ko Malam Sanda zai sa mata hannu.
Sai dai ni da na koyar da shi da rana
na riƙe siririn yankina da dare,
ina roƙon Allah kar ya ƙara masa faɗi.